Hutun Wani, Wahalar Wani: Tambayar Alhaki a Wasan «The White Lotus»

Ma'aikatan otel sun jeru a bakin teku, kowa sanye da tufa mai tsabta, suna ɗaga hannu suna murmushi ga jirgin ruwan da ke tahowa da baƙi. Shugabansu na tsaye a tsakiya, yana yi wa sabuwar ma'aikaciya gargaɗi ƙasa-ƙasa: kada ta bari baƙi su gane ta a matsayin wata mutum ta daban mai nata hali da nata damuwa, ta zama fuska mai fara'a wadda za a iya musanyawa da kowace fuska. Kafin wannan, an riga an nuna wa mai kallo akwatin gawa ana saka shi cikin jirgin sama bayan mako guda. Wani zai mutu a wannan otel, kuma ba a faɗi ko wane ne ba.

Haka wasan talabijin na Amurka mai suna «The White Lotus» ya soma a watan Yuli na 2021 a tashar HBO. Mike White ne ya rubuta shi, shi ne kuma ya ba da umarnin ɗaukarsa. Zangon farko, mai kashi 6, an ɗauke shi a tsibirin Mawi na Hawayi a lokacin annobar korona, ya kuma samu lambobin yabo na Emmy guda 10 a 2022. Zango na biyu (2022) ya koma garin Taormina na Sisiliya a ƙasar Italiya, na uku (2025) ya sauka a Tailan. A kowane zango tsarin ɗaya ne: masu dukiya su zo hutun mako guda, ma'aikata su yi musu hidima, a ƙarshe a ɗauki gawa. Wasan zambo ne da gugar zana, mai sa dariya ƙwarai. Amma a ƙarƙashin dariyar akwai wata tsohuwar tambaya da malamai da masana falsafa suka daɗe suna juyawa: shin alhaki na hawa kan mutumin da ya cutar da wani alhali bai yi niyyar cutarwa ba, bai ma san ya cutar ba?

Mutum uku da abin da suka bari a baya

A zangon farko babu baƙo ko ɗaya da ya zo da mugun nufi. Shane Patton ango ne, ɗan masu kuɗi, ya zo hutun angwanci da amaryarsa Rachel. Mahaifiyarsa ta biya kuɗin ɗakin alfarma da ake kira ɗakin abarba, sai aka yi kuskure aka ba wasu, shi kuma aka sauke shi a wani ɗakin mai kyau. Shane na da gaskiya, domin an biya kuɗi ba a ba da abin da aka biya ba. Armond, shugaban ma'aikatan, ya ƙi amsa kuskurensa. Daga nan rigima ta yi ta hauhawa har Shane ya kai ƙara sama, aka shirya korar Armond. Mutumin da ya yi shekara 5 bai taɓa kayan maye ba ya koma ruwa. A daren ƙarshe ya shiga ɗakin Shane ya yi masa ƙazanta a akwatin tufafi, Shane ya ji motsi ya ɗauki wuƙa, cikin firgici ya soke shi. Gawar Armond ce a akwatin nan. Shane ya hau jirgi ya koma gida, amaryarsa tana gefensa.

Tanya McQuoid attajira ce mai raunin zuciya, ta zo da tokar gawar mahaifiyarta don ta watsa a teku. Belinda, mai kula da sashen tausa da gyaran jiki, ta saurare ta, ta lallashe ta, ta ba ta lokacin da ba ya cikin aikinta. Cikin jin daɗi Tanya ta ce za ta zuba jari Belinda ta buɗe wurin kanta. Belinda ta zauna ta rubuta tsarin sana'ar dalla-dalla. Kafin mako ya ƙare Tanya ta haɗu da wani namiji mai suna Greg, hankalinta ya koma can. Ta zo ta ba da haƙuri, ta ajiye ƙunshin kuɗi a kan tebur, ta fita. Belinda na cikin kuka Tanya ta dawo, domin ta manta tabaraunta.

Ta ukun ita ce Paula, ɗalibar jami'a da ta biyo iyalin ƙawarta, gidan Mossbacher. Ta fi kowa karatu game da mulkin mallaka, ta fi kowa jin zafin abin da aka yi wa ƴan asalin Hawayi, waɗanda aka hamɓarar da sarauniyarsu Lili'uokalani a 1893, Amurka ta haɗe ƙasarsu a 1898, ta mai da ita jiha a 1959. Ta ƙulla soyayya da Kai, saurayi ɗan ƙasa da ke aiki a otel ɗin, wanda ya gaya mata cewa filin da aka gina otel a kai daga hannun danginsa aka karɓe shi. Sai ta ba shi lambar akwatin ajiyar masu masaukinta, ta zuga shi ya saci mundayen da kuɗinsu ya kai dalar Amurka dubu 75 don danginsa su ɗauki lauya. Aka kama Kai. Aka mayar da mundaye. Mata da mijin Mossbacher, da aurensu ya yi sanyi, tsoron da suka sha tare ya sa suka shirya. Paula ta yi kuka, ta hau jirgi ta koma karatunta.

Nauyin kuskure

Abin da ya haɗa labaran uku shi ne kowa ya yi kuskure, amma ba kowa ne ya biya ba. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan otel, tsuntsun da ya ja ruwa yana da rumfa, na kusa da shi ne ruwan ke doka. Taurin kan Shane da taurin kan Armond kusan girmansu ɗaya, sai dai ɗaya ya rasa ɗakin da yake so, ɗaya ya rasa aiki da rai. Maganar da Tanya ta furta, a wurinta motsin zuciya ne na yini ɗaya. A wurin Belinda kuwa ƙofar fita ce daga shekarun yi wa wasu aiki. Alkawari kaya ne, amma a nan wanda aka yi wa alkawarin ne ya ɗauki kayan.

Wanda ke auna ayyuka da niyya kaɗai zai sallami mutanen nan uku. Shane haƙƙinsa ya nema, Tanya alheri ta nufa, Paula adalci take so. Niyya kuwa ba ƙaramin abu ba ce, domin ita ke raba kisan ganganci da na kuskure a kowace shari'a. To amma shari'ar da ta sassauta wa mai kuskure ba ta ce babu komai a kansa ba. A fiƙihun Musulunci kisan kuskure yana da diyya, kuma malamai sun bambanta tsakanin laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa da haƙƙin da ke tsakanin mutum da mutum, wanda ba ya faɗuwa don kawai mai shi ya ce bai yi nufi ba. Kyakkyawar niyya tana wanke mutum daga sunan mugu, ba ta biya masa bashin ɓarnar da ya yi ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Rashin sani iri biyu ne. Akwai na wanda ba shi da hanyar sani, akwai na wanda ya shirya rayuwarsa yadda ba zai taɓa buƙatar sani ba. Baƙon otel na alfarma ba gado da abinci kaɗai yake saya ba. Yana sayen mako guda wanda a cikinsa babu damuwar kowa sai tasa. Gargaɗin da Armond ya yi wa sabuwar ma'aikaciya shi ne ainihin hajar da ake sayarwa: mutane masu hidima waɗanda ba su da labari. Wata masaniyar zamantakewa ta Amurka, Arlie Hochschild, ta yi nazarin ma'aikatan jirgin sama a wani littafi na 1983, ta nuna cewa akwai sana'o'in da ake sayen fara'ar mutum da sarrafa zuciyarsa kamar yadda ake sayen ƙarfin damtsen ɗan dako. Mai sayen irin wannan fara'a ya san biya ya yi aka yi masa ita. Idan daga baya ya ce bai san akwai mutum a bayan murmushin ba, rashin sanin nasa da kuɗinsa ya saye shi, ba zai zama masa uzuri ba.

Immanuel Kant, masanin falsafa na Jamus, ya kafa a 1785 cewa bai halatta a ɗauki ɗan Adam a matsayin kayan aiki kawai ba. Kalmar «kawai» ita ce mai muhimmanci. Babu laifi mutum ya amfana da aikin direba ko kuku ko mai tausa, rayuwa haka take tafiya. Laifin yana farawa lokacin da ya daina tuna cewa mai aikin yana da nasa buri da nasa gobe. Hausa tana da kalma ɗaya da ta tattara wannan, wato mutunci. Tanya ba ta zagi Belinda ba, ba ta hana ta kuɗi ba, har ƙari ta yi mata. Abin da ta yi shi ne ta ɗauke ta tamkar magani: an sha, an ji sauƙi, an ajiye kwalba.

Sunan otel ɗin ma yana ɗauke da wannan ma'ana. Ana iya fassara shi da «Farin Bado». A tsohon labarin Girkawa na Odisiyus, wanda ake dangantawa da Homer, akwai wata ƙasa da mutanenta ke cin wannan tsiro, duk matafiyin da ya ɗanɗana sai ya manta gida da duk wani nauyi da ke kansa, kuma kashi na biyar na zangon farko da sunan waɗannan mutane aka kira shi. Mai karatu da ya taso kusa da tabki ko gulbi a ƙasar Hausa ya san bado ta wata fuska dabam: abin da ake shiga ruwa a tono, a ci ƴaƴansa da saiwarsa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Tsiron da wani ke ci don ya manta, wani yana cinsa don ya kai ga kaka.

Abin da za a iya faɗa don kare baƙi

Adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Ma'aikatan wasan ba waliyyai ba ne. Armond ya yi ƙarya, ya riƙe jakar baƙi ya sha ƙwayoyin da ke ciki, ya yi amfani da muƙaminsa a kan na ƙasa da shi. Kai da ƙafarsa ya shiga ɗakin da ba nasa ba. Kuma wuraren nan da yawon buɗe ido suke ci, in baƙi sun daina zuwa albashi ne zai fara tsayawa, kamar yadda aka gani a 2020 da annoba ta rufe otel-otel a duniya. Bugu da ƙari, ba kullum talaka ke faɗuwa ba. A zangon Sisiliya wata budurwa ƴar gari, Lucia, ta yaudari saurayi Albie da labarin wani azzalumi da ke binta bashi, ta karɓi yuro dubu 50 daga aljihun mahaifinsa, kusan sefa miliyan 33, ta yi tafiyarta tana dariya. A wannan zangon kuma Tanya ce ta mutu, ta faɗo daga jirgin ruwa bayan ta gane makircin da aka ƙulla don a ci dukiyarta.

Hujja mafi ƙarfi tana zango na uku. Belinda ta je Tailan ƙaro ilimin sana'arta, ta shaƙu da wani abokin aiki mai suna Pornchai, har ya kawo shawarar su buɗe wuri tare. A can ta ci karo da Greg, mijin marigayiya Tanya, yana ɓoye da wani suna yana cin gado. Ya yi mata tayin dala dubu 100 don ta yi shiru, ɗanta ya ja ciniki har miliyan 5. Da kuɗi suka shiga asusunta, sai ta je ta gaya wa Pornchai cewa al'amura sun canza, ta hau jirgi, shi kuma ya tsaya a bakin ruwa yana ɗaga hannu. Abin da aka yi mata a Hawayi shi ta yi a Tailan. Haka ma Gaitok, mai gadi mai tausayi da ke ƙyamar zub da jini saboda addininsa na Buda, bai samu ƙarin girma ba sai da ya harbe mutum ta baya bisa umarnin uwargijiyarsa.

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare: idan wadda aka zalunta ta zama mai zalunci da zarar ta samu kuɗi, laifin na kujera ne, ba na mai zama ba, kuma ba a tuhumar kujera. Rabin wannan magana gaskiya ne. Wasan ya nuna cewa masu dukiya ba wata halitta ta daban ba ce, matsayi ne ke ba mutum damar yin ɓarna ba tare da ya ji ƙararta ba. Sai dai ba a iya cire rashin alhaki daga wannan. Direban babbar mota da mai keke duk mutane ne masu iya yin gyangyaɗi, amma an fi tsananta wa direban babbar mota, domin gyangyaɗinsa ya fi kisa. Gwargwadon nisan da kuskuren mutum ke kaiwa, gwargwadon farkawar da ake binsa. Belinda ta san zafin abin da ta yi fiye da yadda Tanya ta sani, saboda haka uzurinta ya fi na Tanya rauni. Darasin bai wanke attajirai ba, ya dai hana talaka ya ɗauka cewa talaucinsa shaidar kirkinsa ce, alhali ba a jarraba shi da dama ba tukuna.

Ina amfanin dariyar?

Saura tambaya ta biyu, wadda ta shafi wasan kansa. An daɗe ana cewa wasan barkwanci yana gyara hali ta hanyar dariya. Jean-Jacques Rousseau ya musa wannan a wasiƙar da ya rubuta wa d'Alembert a 1758, lokacin da ake shawarar gina gidan wasan kwaikwayo a Janeba. A ganinsa mai kallo yana zubar da hawaye kan wahalar da aka ƙirƙira, ya fito yana jin ya sauke nauyin tausayi, bai taimaki kowa ba. Barkwanci kuma yana koya wa mutane tsoron a yi musu dariya, ba ya koya musu tsoron aikata mugunta.

Abin da ya biyo bayan «The White Lotus» ya ba Rousseau hujja. An ɗauki zangunan uku a otel-otel na kamfanin Four Seasons, na Taormina ma tsohon gidan ibadar Kiristoci ne da aka mayar masaukin attajirai. Wasan da ya yi wa irin waɗannan wurare zambo ya zama babbar talla a gare su: masu hali suka riƙa neman ɗakunan da suka gani a talabijin, hukumar yawon buɗe ido ta Tailan ta haɗa hannu da masu shirya zango na uku don ta jawo baƙi. A watan Agusta na 2023 gobara ta cinye garin Lahaina a wannan tsibiri na Mawi, ta kashe kimanin mutum 100, ta bar dubbai ba muhalli, ta kuma tayar da muhawara mai zafi tsakanin mazauna kan ruwa da filaye da gidajen da yawon buɗe ido ya cinye. Matsalar da Kai ya ambata a wasa tana nan a zahiri, shekara biyu na dariya ba su taɓa ta ba.

Ƙasar Hausa ta san wannan lamari tun kafin talabijin. Wawan sarki yana faɗin abin da waziri ba zai iya faɗa ba, fada ta yi dariya, sarki ya yi masa kyauta, gobe a ci gaba da mulki yadda ake yi. Wasan kara na Damagaram, da wasannin tashe na watan azumi, da wasannin su Yazi Dogo da suka riƙa kwaikwayon ma'aikacin gwamnati da alhajin birni, duk sun nuna cewa manya na iya zama a sahun gaba su tafa wa wanda ke kwaikwayonsu. Mai iko yakan jure zambo cikin sauƙi, domin kowa a cikin taron yana ɗauka da maƙwabcinsa ake. Laifi tudu ne, mutum ya take nasa ya hango na wani.

Duk da haka Rousseau bai gama gaskiya ba. Zambo ba ya canza doka, ba ya mayar da fili, amma yana ba abu suna, kuma abin da ya samu suna ya fi wuyar ɓoyewa. Wanda ya ga Tanya ta dawo ɗaukar tabarau, in yana da sauran kunya, zai ji wani abu ya taɓa shi ranar da ya ce wa yaron shagonsa «bari dai, zan kafa ka» alhali bai shirya ba. Amfanin wasan ya rataya ne ga wurin da mai kallo ya ajiye kansa. In ya tsaya a waje yana kallon haukan Turawa masu kuɗi, ya samu nishaɗi kawai. In ya tuna cewa kusan kowa baƙon alfarma ne a wurin wani, lissafi ya canza. Ma'aikacin da albashinsa bai kai kuɗin kwana ɗaya a Taormina ba yana da yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana yi masa wanke-wanke, yana da mai gadi da ke kwana a ƙofa cikin hunturu, yana da almajirin da ke ɗebo ruwa. Ko ya san sunan garinsu, da wanda suka bari a can, da abin da suka gina a kan maganar da ya furta yana cikin raha?

Sabuwar ma'aikaciyar nan da aka yi wa gargaɗi a bakin teku sunanta Lani. Tana da tsohon ciki, ta ɓoye shi don tana buƙatar aikin. A ranarta ta farko naƙuda ta kama ta, ta yi ta hidima tana cije baki, har ta haihu a ofishin shugabanta, wanda ya yini tare da ita bai lura da komai ba. Daga wannan kashi ba a sake nuna ta ba, kuma babu baƙon da ya tambayi inda take. Masu kallo da yawa sun kai ƙarshen zangon suna muhawara kan Shane da Tanya da ɗakin abarba, su ma ba su tambaya ba. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. A wasan Mike White ba a ga ya bi baƙi zuwa filin jirgi ba, jirgin ruwa na gaba ma har ya iso, ma'aikata sun sake jeruwa suna ɗaga hannu. Ko zai bi mai kallo zuwa gida, ya sa shi duban wanda ya kawo masa ruwan wanka da safe, wannan ba ya hannun marubucin wasa.